Kafinta da Ƙwarangwal ɗin Kabad

Tunda kin zo neman shawara kan sabon shagon nan da ya ɗauki hankalinki, Asabe, zauna in ba ki wani misali. An yi wani kafinta da ya ƙware wajen ƙera kabad da durowa, yana da 'yar a-kori-kura da yake kai wa mutane kaya da ita. Da aiki ya fara yawa sai motar ta yi masa kaɗan. Dogon kabad ba ya tsayuwa a bayanta, sai dai a kwantar da shi, rabinsa a waje, a ɗaure da igiya. Wata rana ya ɗauko kabad mai gilashi da wata mai shagon magani ta sa ya yi mata, aikin sati uku, sai motar ta faɗa rami, gilashin ya tarwatse, ga ruwan sama ya sauko ya jiƙa katakon. Matar ba ta yi masa faɗa ba. Ta dai ce akwai sauran kabad huɗu da take so, amma in haka za su riƙa isowa, gara ta nemi wani. Ya koma gida, ya san lokacin sauya mota ya yi. Abokai suka yi ta ba shi shawara, kowa na cewa ya sayi mafi girma a kasuwa, a san shi ma ya kai. Shi kuwa sai ya tattara ragowar katako, ya haɗa ƙwarangwal ɗin kabad, sanduna kawai babu bango babu ƙofa, amma tsayi da faɗinsa daidai da mafi girman abin da yake ƙerawa. Ya ɗora a ka ya shiga kasuwar motoci da shi, dillalai na ta dariya.

Aka fara nuna masa wata doguwar farar mota mai sheƙi, wadda shi kansa zuciyarsa ta kwanta da ita tun daga nesa. Ya tura ƙwarangwal ɗin, sai ya cije a bakin ƙofa, domin ƙofar gajera ce. Ya karkata shi ya shigar, sai tudun tayoyin baya ya tokare shi daga ciki. Dillali ya ce, "Maigida, ai sai ka rage tsayin kabad ɗinka." Kafinta ya ce, "Motar ce za ta yi wa aikina hidima." Haka ya bi mota bakwai, har kafaɗarsa ta yi tsami. Can ƙarshen layi ya tarar da wata tsohuwar motar raba burodi, fentinta ya koɗe, ba ta kai farar nan tsawo ba, amma rufinta na da bisa, gindinta kuma kusa da ƙasa. Ƙwarangwal ya shige a tsaye, har da ragowar tafin hannu a sama. Bai tsaya nan ba. Ya kira bakanike ya duba injin, sannan ya roƙi a loda mata katako, ya tuƙa ta da kansa zuwa lungun shagonsa, ya ga ta juya ba ta gogi katangar kowa ba. Sai a lokacin ya ce ya saya. Maƙwabta sun ɗan yi masa ba'a, suna tambayarsa ko burodin da zafi. Ranar da ya kai wa mai magani kabad biyu a tsaye, cikin ruwan sama, ko ɗigo bai taɓa su ba, ta shafa gilashin da hannunta, ta ce ya kawo sauran, kuma ƙanwarta ma za ta buɗe shago bayan salla. Kafin shekara ta zagayo ya ɗauki ma'aikata biyu.

To, ke ma kafin ki karɓi makulli, auna kekunan ɗinkinki da teburin yankanki, ki je shagon da igiyar awo a hannu, ki zauna a ciki da tsakar rana ki ji zafinsa. Hausawa sun ce, sai an gwada akan san na ƙwarai.