Kwabon Bakin Ƙofa

Da tsinke ya juya kwabon, don bai yarda ya taɓa shi da hannu ba. Na jan ƙarfe ne, mai huji a tsakiya, ya tsince shi kwance a bakin ƙofar ɗakinsa. Tun da aka raba gidan gadonsu na Gwaram ya daina amsa gaisuwar ƙanensa, ga shi jiya an ga ƙanen yana zagaya ɗakin yana dube-dube.

"Asiri ne," ya ce wa matarsa.

"Malam, bari mu tambaya tukuna."

Ta ɗauki hoton kwabon, ta tura wa manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke wayarta, ta karanto masa amsar. Kwabon zamanin Turawa ne, tsatsar da ta kewaye hujin kuwa shatin kan ƙusa ne, domin kafintocin wancan zamani sukan tare ƙusar rufin kwano da irinsa.

"Ina waya ta san makircin ɗan'uwa?"

Sai kwanon rufin ɗakin ya yi ƙara a samansu. Ya ɗaga kai. Ta wata 'yar huda rana ta sauko masa a fuska, muryar ƙanensa ta biyo ta.

"Yaya, miƙo min kwabon Baba. Hadari na haɗowa, kada ɗakinka ya yi yoyo."