Kujerar Bayan Raga

Tahirou ya miƙa tikitinsa a ƙofar sabon filin bezbol na Greensboro, ya ƙara jan hularsa ƙasa. Hular ta ƙungiyar baƙi ce, rana ta cinye launinta. Lahadi ce ta bazarar 2006, zafi ya sa har kujerun roba suna ƙona cinya.

Tun asuba ya baro Maryland, inda ya koma da zama yana tuƙin kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya. Da ya shigo gari bai bi ta East Greensboro ba, ko da yake a can ya yi shekarun da suka fi daɗi a rayuwarsa. Ya zaga ta doguwar hanya don kada ya wuce ta gaban lakwal, wato makarantar unguwar.

Kujerarsa kullum iri ɗaya ce: bayan raga, can sama, inda yake ganin fuskar mai jifa, shi kuma ya ɓace cikin jama'a. Haka ya yi a Hickory, haka ya yi a Lexington da sauran garuruwan da ya bi ƙungiyar. Duk hutun da ya samu a wurin aiki, a hanya yake ƙarar da shi.

Wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce, Yasmina.

"Alhaji, can ka tafi kuma?"

"Yau zan yi masa magana."

"Bara ma haka ka ce. Don Allah ka ƙyale yaron nan ya ji da rayuwarsa."

Ya kashe wayar, ya mayar aljihu.

Sai tsakiyar wasa kocin baƙi ya kira Gregory, matashin mai jifa da Tahirou ya zo dominsa. Ya fito da gudu kaɗan-kaɗan, dogo, kafaɗunsa sun buɗe, amma tafiyar tana nan yadda take tun yana ƙarami, ƙafar hagu na ɗan shigewa ciki. Tahirou ya miƙe yana tafi shi kaɗai a tsakiyar mutanen gari.

Wani tsohon Bature da ke gefensa yana ɓare gyaɗa ya dube shi. "Ɗanka ne?"

"A gidana ya koyi cin tuwo," in ji Tahirou da Turancinsa mai nauyi.

Gregory ya hau tudun jifa. Jifan farko ya tafi waje, nesa da mai sanda da ke jiran ya buga ƙwallon. Na biyu ma haka. Mai tare ƙwallo ya yi masa alama ya matso da shi kusa da jikin mai sanda, Gregory ya girgiza kai. Aka sake alamar, ya sake girgizawa.

"Hannu yana da shi," in ji tsohon. "Tsoro ne ya cinye shi. Wanda ba ya iya jifa kusa da jiki ba ya daɗewa a wannan sana'a."

Tahirou ya mayar da idonsa kan tudun. Ya san hannun nan lokacin da babu tsoro a cikinsa, lokacin da manyan ƙungiyoyi ke aiko mutane musamman su kalli ɗan sakandare yana jifa.

Mai sanda na farko ya wuce a ɓagas ba tare da ya ɗaga sanda ba, don jifan duk waje yake tafiya. Na biyu ya bi shi. Na uku ya gane inda ƙwallon zai biyo, ya jira shi, ya maka shi can bayan katanga. Filin ya ɗauki ihu. Kafin koci ya iso tudun, Gregory ya ɗaga kai ya dubi saman kujerun bayan raga, sannan ya miƙa wa kocin sabon ƙwallon da aka ba shi ya fita kansa a ƙasa.

Tahirou bai tsaya ganin ƙarshe ba. Ya sauka ya tsaya kusa da bas ɗin baƙi, yana maimaita kalmomin a ransa. Ya daɗe da shirya su da Turanci, ya gwada su a kamiyo shi kaɗai har sun zauna masa a baki. Abin da ya kasa shi ne ƙarasawa gaban yaron. Rabonsu da haɗa ido tun ranar da Gregory ya zo ƙofar gidansa tare da uwarsa Celina, shi kuma ya rufe musu ƙofa.

'Yan wasa suka fito suka hau bas. Gregory ne na ƙarshe, da kayan gida a jikinsa da jakarsa duka a kafaɗa. Bai nufi bas ɗin ba. Kai tsaye ya nufo Tahirou.

"Baba."

Tahirou ya cire hula.

"Sun sallame ni," in ji Gregory. "An gama. Ba sai ka ƙara zuwa ba." Ya gyara jakar a kafaɗa. "Kana tsammani ba na ganinka? Duk garin da muka je kana nan, a bayan raga. Da na ɗaga hannu, kai nake gani. Na san abin da kake so in tuna. Wallahi ban manta ba, ko kwana ɗaya."

"A'a, ɗana, tsaya—"

Da Hausa maganar ta fito. Turancin da ya shirya ya watse gaba ɗaya. Gregory ya juya, ya tsallaka titi, ya shiga wata tsohuwar mota da Celina ke jira a ciki. Ba wanda ya waiwayo.

Tahirou ya tsaya da hula a hannu har bas ɗin ya tashi. Bazara uku yana bin yaron gari-gari don ya gaya masa magana ɗaya: cewa ya riga ya yafe masa jifan nan da ya yi a filin lakwal, wanda ya sami abokinsa Moutari a ƙirji ya tsayar da zuciyarsa har abada, Moutari ɗan Tahirou tilo.