Bishiyar Njidda

Ƙwan lantarki sittin ne a jikin bishiyar, kuma duk sittin ɗin suka haukace a gaban alƙalai.

Shekara biyu Njidda, malamin zane, ya yi yana haɗa ta da hanjin tsofaffin rediyo da yake tsintowa a Kasuwar Jalingo. Har babur ɗinsa ta cinye. Ka ɗora abin sauraren likita a ƙirjinka, ƙwayayen su riƙa ƙiftawa daidai da bugun zuciyarka. Yau kuwa, a baje kolin jiha, aiki ɗaya tak za a zaɓa a kai Legas.

Alƙalai suka ce a gwada da mace. Matan wurin duk suka noƙe, sai Njidda ya yafito matarsa, Hadijatu. Shekara goma sha ɗaya suna zaune su biyu rak, ba ta taɓa yi masa musu ba. Ta taso a hankali cikin ƙaton mayafin da ta tsiri yafawa kwanan nan, ta juya wa maza baya, ta cusa abin ciki.

Nan fa bishiya ta kama ƙifce-ƙifce kamar an biyo ta da sanda.

Sista Mabel, ma'aikaciyar jinya ce cikin alƙalan, ta riƙe wuyan hannun Hadijatu tana duban agogo. "Saba'in da takwas," ta ce. Ta ƙirga na bishiya. "Ɗari da arba'in."

"Ashe ƙarya take yi," in ji shugaban alƙalai, ya rufe bironsa.

Gumi ya karyo wa Njidda. Ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, bai ga laifin ko ɗaya ba. Aikin shekara biyu, ga shi zai tashi a banza. Kunya ta ishe shi, ya kai hannu zai cire filogi.

"Malam, kada ka taɓa," Mabel ta ce. Ta sunkuya ta yi wa Hadijatu raɗa. Hadijatu ta rufe fuska. Ina ita ina kai hannu ƙirji a gaban maza? Can ƙasan cibiya ta ɗora abin.

Mabel ta miƙe, idonta ya kawo ruwa.

"Bishiyarka ba ta yi ƙarya ba, Malam. Wannan ba zuciyar matarka ba ce. Ta ɗanka ce."