Mai Fito da Tsibirin Tsofaffi

Ka ce ka killace mahaifinka a ɗaki don kana ƙaunarsa, amma allurar rigakafin nan kai ba za a yi maka ba. Na ji. Gyara zama, ba musu zan yi da kai ba, furfurata ta wuce musu. Labarin wani mai fito zan ba ka.

A wani gari na bakin kogi, wata shekara annobar tari ta sauka, irin wadda ke ratsa matasa ta wuce, ta kwashe tsofaffi. Aka taru a gindin tsamiya ana ta ja-in-ja. Masu cewa a rufe kasuwa na yi, masu cewa yunwa ma annoba ce na yi, wasu suka ce abin da Allah ya rubuta babu ƙyauren da zai tare shi. Mai fiton garin, wanda maƙogwaronsa ya saba kiran mutane daga ƙetare, shi ya rufe bakin kowa. Ya ce akwai tsibiri a tsakiyar ruwa inda manoman shinkafa suka bar bukkokinsu, a kai tsofaffi can har iskar ta wuce. Shawara ce mai kyau, ni ma da ina wurin da na goyi bayansa. Shi ya fara, ya goyo mahaifiyarsa, wata tsohuwa da idonta ya soma dushewa, ya zaunar da ita a kwalekwale.

Kullum da hantsi yakan kai abinci, ya ajiye a kan wani falalen dutse, ya ja da baya, ya buga gora a jikin kwalekwale don su ji. Ba ya sauka. Daga nesa yakan hango ta zaune a gaɓa, tururin ruwa ya rufe ta har ƙugu, sai ka ce a kan gajimare take. Ya ɗaga murya ya gaishe ta, iska ta kwashe rabin gaisuwar. Ita kuwa tun da take ba ta san gaisuwar tsaye ba. Ta saba ɗa ya durƙusa gabanta, ta yi masa ban gajiya, ta tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya har da wanda ke ciki.

Da ruwa ya fara ja, sai masu allura suka iso da akwatunansu masu sanyi. Gari ya yanke cewa duk gidan da aka yi wa rigakafi, aka yi wa tsohonsu, to su dawo da shi. Nan fa mai fito ya noƙe. Kwalekwale kasuwar jita-jita ce, babu abin da bai ji ba: allurar na hana haihuwa, allurar na tsinka jini. Ya ce shi ya sa kogi guda tsakanin uwarsa da cuta, me ɗan tsinken ƙarfe zai ƙara? Ka ji mutum. Ya iya yanke wa tsofaffin gari zaman wata da watanni, amma naɗe hannun rigarsa ya gagare shi.

Da gorarsa ya riƙa dawo da iyayen mutane, yau wannan gobe wancan, har tsibirin ya rage daga mahaifiyarsa sai wata kurma da ba ta da kowa. Kwanaki suka narke cikin juna. Ruwa ya ɗauki launin sama da safe, ya mayar da yamma. Tsohuwa ta fara hira da balbelu, ta raɗa musu sunayen jikokinta, tana gutsura musu tuwo, tana yi wa wanda ya fi rawar kai faɗa. Wani lokaci yana tuƙi sai ya jiyo ta tana waƙar rarrashin jariri, alhali babu jariri a tsibirin, waƙar na biyo saman ruwa a hankali. Abin yana sosa masa zuciya, amma sai ya ce ai tana raye, ba ta tari.

Sai da ya ga matan da aka yi wa allura sun haihu, an ci suna, sannan ya je ya miƙa hannu yana kawar da kai. Ya jira kwanakin da aka ce ya jira, ya ɗauki mai allura suka ƙetara. Ran nan ya sauka. Ya taka yashin tsibirin, ya durƙusa gabanta, ya gaishe ta a hankali yadda ya saba tun yana yaro.

Ta juyo da fara'a ta ce, "Sannu da zuwa, bawan Allah. In ka koma gari ka ce wa ɗana mai fito ban yi fushi ba, na san aiki ne ya riƙe shi."

Ya ce, "Inna, ai ni ne."

Ta girgiza kai tana murmushi. "A'a. Shi muryarsa daga nesa take zuwa."

Ya dawo da ita gida, ta yi shekaru lafiya lau, ko atishawa ba ta yi ba. Amma in ya durƙusa gabanta, gaisuwar baƙo take yi masa. In yana son ya ji ta sa masa albarka, sai ya fita bayan katanga, ya tsaya can nesa ya ƙwala gaisuwa. Sai fuskarta ta haskaka, ta ɗaga hannu wajen kogi, ta kira sunansa na yarinta. Shi kuwa yana jingine da bango yana hawaye.

Killacewar ta ceci ranta, ba na musun haka. Sai dai killacewa rumfa ce ta fakewa, ba gidan zama ba, kuma allurar da ya ƙi ita ce hanyar da za ta kai ƙafarsa wurinta tun tana gane shi. Tashi ka je a yi maka, ka shiga ka durƙusa gaban tsohonka tun yana sanin wanda ya shigo. Ba banza Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take ba.