Shinkafar Gumi a Gwangwani

Ke da za ki fara koyar da kimiyya, kafin ki ɗauki alli, ga wani misali.

An yi wata malama, haifaffiyar birni, da aka tura wani ƙauye a bakin fadama. Mazan garin noman shinkafa suke yi, matan kuma gumi ne sana'arsu: su jiƙa shinkafa, su turara ta a kan wuta, su shanya, sannan a kai inji ya cire ɓuntu. Malamar ba raguwa ba ce. Ta tsani haddar da ake ɗura wa yara, don haka da aka zo darasin tsirowar iri a aji biyar, sai ta ce da hannu za a yi shi. Kowane ɗalibi ya kawo gwangwanin madara, aka huda gindinsa da ƙusa, aka cika shi da ƙasa, aka jera a bakin taga. Ta rubuta a allo cewa abu uku iri ke bukata: ruwa, iska da ɗumi. Ta kuma roƙi hedimasta ya bar ta ta nuna wa iyaye sakamakon a taron da za a yi bayan kwana goma, domin mutanen garin na ganin boko surutu ne kawai, ita kuwa tana so su ga aikinta da idonsu su girmama shi. Irin da za a shuka, daga buhun girkinta ta ɗebo shi, tsaf-tsaf, ba tsakuwa ba ɓuntu, don a ganinta babu wanda ya fi shi kyau.

Ta fara rabawa. Yara suka dubi tafin hannunsu, suka dubi juna. Can wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu a ɗarare ta ce, "Malama, ai wannan ta gumi ce." Ita kuwa malama a iya saninta gumi sunan wani nau'in shinkafa ne, yadda ta saba ji a bakin masu awo a kasuwa. Ta ce, "Ta gumi ce ko ta sanyi, shinkafa dai shinkafa ce. Ke za ki koya mini, ko ni zan koya miki?" Yarinya ta sauke hannu. Kowa ya binne nasa, ya zuba ruwa.

Kwana biyar ba abin da ya fito sai warin tsami da jerin kiyashi. Malama ta duba allo, ta ga ruwa da iska da ɗumi duk sun cika, to laifin wa? Ta yanke cewa yaran ne ke wasa da ban ruwa. Ta kira su malalata, ta sa su duka talatin suka durƙusa a rana lokacin hutun tara. Rana ta bakwai wani ɗan koren tsiro ya leƙo a gwangwani ɗaya. Murna ta kama ta. Ta ɗauke shi ta ɗora a teburinta, ta ce ga shaida, wanda ya kula da nasa ya gani.

Ranar taro iyaye suka cika ajin, maza a kan benci, mata a tabarma. Malama ta yi bayani mai tsawo, ta ɗaga gwangwanin nan sama, ta ce sauran sun lalace ne saboda sakacin 'ya'yansu. Sai wata tsohuwa, wadda ta tsufa a bakin tukunyar gumi, ta miƙa hannu aka ba ta. Ta dubi tsiron, ta tona ƙasar da ɗan yatsa, ta fito da ƙwayar da ta ruɓe ta shinshina. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "'Yar nan, wannan tsiron ai aya-aya ce, ciyawar da muke yini muna cirewa. Shinkafar kuma ta riga ta sha wuta. Abin da aka turara, ko a bakin kogi kika binne shi, ba zai tashi ba."

Da dariya aka yi, da ta fi mata sauƙi. Ba wanda ya yi. Maza suka sunkuyar da kai suna duban takalmansu, hedimasta ya yi gyaran murya ya ɗauko zancen rufin aji da ke yoyo. Malama ta tsaya da alli a hannu, tana ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne fuskokin yaran da ke leƙe ta taga. Babu alamar jin daɗi a cikinsu, kunya suke taya ta ji.

Washegari da safe ta je gidan tsohuwar, ta durƙusa ta gaishe ta, ta roƙi tafi ɗaya na shanshera, wato shinkafa ɗanya mai ɓuntunta. Ta shiga aji ta ce wa yara su yafe mata, sannan ta raba musu sabon irin suka sake shukawa. Cikin mako guda bakin taga ya yi kore shar. Amma har zangon ya ƙare, duk sanda ta wuce ta kasuwa ta ji ƙamshin gumi, sai ta ja mayafi ta ƙara sauri.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, wanda ya ƙi ji, ba ya ƙi gani ba.