Hafsan da Gona Ta Gaji da Jiransa

Akwai wani a cikinmu, ba zan kama suna ba, ya san kansa, wanda ya mai da garinsu wurin zuwa ta'aziyya kawai. To, ya buɗe kunne da kyau.

A zamanin da Denmak da Norwe ke ƙarƙashin sarki guda, shekara ɗari biyu da ɗoriya ke nan, an yi wani ɗan manomi daga tsaunukan Norwe da ya shiga soja. Yana can bariki a birnin sarki a Denmak, ƙetaren teku, har ya zama hafsa, yunwa ta sa mahaifinsa ya sayar da gonar gado. Amma mutanen nan suna da wata al'ada: in an sayar da gonar gado, ɗan gida yana da ikon ya zo ya fanshe ta, mai saye ya so ko ya ƙi, muddin wa'adin da doka ta yanka bai cika ba. Hafsan nan ya san da haka sarai, kuma gonar tana ransa: rufin ciyawar da awaki ke hawa, ƙoramar da ke daskarewa da sanyi. Sai dai kullum da wani muƙami a gaba. Ya zama kyaftin, ya ce bari ya zama manjo tukuna, ya koma da girma. Ka ji shirme! Ƙanwarsa ta aiko da saƙon baka ta hannun wani matuƙin jirgin ruwa: "Yaya, gona ba ta san anini ba. Ka zo." Ya yi dariya, ya gyara farar hular gashinsa irin ta fadawa, ya ce sai baɗi.

Baɗi ta yi ta haihuwar baɗi. Sai da gwiwa ta ƙi hawa doki aka sallame shi da muƙamin kanal da takobi mai kuben azurfa. Ya tsallaka teku, ya hau tudu yana haki. Hayaƙi na tashi daga ɗakin da aka haife shi, amma wutar ta wasu ce. Wa'adi ya cika tun tuni, ƙanwar kuwa tana kwance a makabartar bayan coci. Matar gidan ta leƙo, ta ga dattijo cikin jar rigar soja, ta rusuna: "Ranka ya daɗe, ɓatan hanya ka yi?" Ya buɗe baki zai ce nan ne gidanmu, sai ya ji harshen ƙauyen ma ya kufce masa. Ya ce, "I, ɓata na yi." Ta nuna masa hanyar gangara, ta rufe ƙofa saboda iska.

Hausawa ba su yi ƙarya ba: kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mai ja da wannan, ya fito fili ya ƙaryata ni.