Tsagar da Ke Fuskar Kaho

Kwana arba'in da tara da rasuwar Genzo, fuskar mutum-mutumin Kaho ta tsage daga goshi har haɓa.

Tokiko ce ta gani, da ta kawo shinkafar safe. Shekara ashirin da shida ke nan tana ajiye wa 'yarta Kaho ɗan kwano kamar yadda ake yi wa mamata, tun ranar da yarinyar ta fice cikin dusar ƙanƙara tana 'yar sha bakwai, bayan wani faɗa tsakaninsu. Takalminta ƙafa ɗaya aka tsinta a bakin kogi. Bakin Tokiko yana da kaifi, duk garin Inami an sani, ita ma ta sani.

Mutum-mutumin shi ne aikin mijinta Genzo na ƙarshe. Da itacen kafur ya sassaƙa mace mai shekara arba'in da 'yan kai, a zaune, hannu bisa gwiwa, ya ce haka Kaho za ta zama da ta rayu. Tokiko ta yi masa tsiya son ranta, mutumin da ko kyanwa ba ya iya sassaƙawa sai tana kwance a gabansa, mai zuwa birnin Kanazawa sayen itace ya dawo hannu rabbana. Amma da ya gama, tsiyar ta ƙare. Ga ɗan karkata wuyan nan, ga leɓen da ke shirin mayar da magana. Ba ta ƙara kallon tsohon hoton yarinyar ba. Wannan fuskar ce ta rage mata, ga shi tana neman rabewa biyu, tsoro ya kama ta.

Ta kira Sakai, tsohon masassaƙin da ke maƙwabtaka da su. Ya shafa tsagar, ya ce dole a buɗe kan ta bayan kunne, inda Genzo ya raba shi ya rarake ciki ya dasa idanun gilashi.

"In na kuskure, fuskar ta tafi ke nan, Tokiko."

"Buɗe kawai. Surutunka ya fi aikinka tun kana saurayi."

Sai da ya kai azahar yana lallaɓa gam ɗin da bakin wuƙa. Fuskar ta ɓalle ta kwanta a tafin hannunsa, ƙamshin kafur ya cika ɗakin. Tokiko ta ga bayan idanun 'yarta, an tokare su da auduga da 'yan tsinke.

A cikin ƙoƙon kan akwai rubutun tawada, irin wanda masassaƙa ke bari inda ba mai gani. Sakai ya duƙa ya duba, ya daɗe. Ya miƙe ya ce ya manta tabaransa a gida, alhali yana kan hancinsa, ya sa takalmi ya fita.

Tokiko ta juya kan wajen taga. Rubutun hannun Genzo ne, da kwanan wata na bazarar bara.

"Kaho ta zauna mini kwana tara a gidanta na Kanazawa. Ta ce kada in gaya wa uwarta."